Igiyar Guga da Ramin Kwal

A tsohuwar unguwa, inda katanga ɗaya ke raba gida biyu, babu rigimar da ta kai ta ƙarƙashin ƙasa wuyar rabawa. In akuyar wani ta yi ɓarna a shanyar wani, ga akuya ga hatsi, ido ya gani, a biya a wuce wurin. In rariyar maƙwabci ce ke kwararo maka ruwan wanke-wanke a ƙofar gida, sai a kira mai unguwa ya zo ya tsaya a kai ya gani. Amma bari maƙwabci ya kira mahaƙa su nutsa rijiyarsa ta fi taka da gaba uku, ko ya haƙa sabon masai a jikin katangar da rijiyarka take. Ran nan ba abin da za ka gani. Sai an kwana biyu uwargida za ta ce igiyar guga ta daina kaiwa, a samo mata ƙari. Ko kuma yara su soma yamutsa fuska in sun kurɓi ruwan randa.

A je gaban mai unguwa. "Ranka ya daɗe, tun da Malam ya yi aikin nan rijiyata ta ja baya." Shi kuma Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ranin bana ne ya yi tsanani. Rijiyar wa ce ba ta ja ba?" Kowannensu na iya zama mai gaskiya. Mai unguwa kuwa ba zai shiga ƙarƙashin katanga ya bi sawun ruwa ba. Iyakarsa ya tambaya: "To, bara war haka, a gaba nawa kake tarar da ruwa?" In ba wanda ya riƙe wannan lissafi, magana ta mutu. Sai a ce a yi haƙuri da juna, kuma kowa a wurin ya san a wuyan wa haƙurin zai rataya.

Mahaƙar kwal maƙwabciya ce irin wannan, sai dai ita ta haɗa duka ukun a gida ɗaya: tana da rijiyar da ta fi ta kowa zurfi, tana da masai, tana da rariya. Kuma ba labarin wata duniya ba ne. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, tun wajen 2007 kamfanin siminti na Ashaka ke yaye ƙasa yana kwasar kwal don hura tanderunsa, aikin da ya sa aka tashi ƙauyen daga mazauninsa na asali. A Anu-Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas ta Nijar, kamfanin Sonichar na haƙar kwal yana ƙona shi a tashar lantarkin da ta soma aiki a 1981, wadda ke ba mahaƙan yuraniyom na Arlit da garin Agadas wuta. Ana haƙa a yankin Ankpa na jihar Kogi. Uwa-uba Inugu, inda aka gano kwal a Udi tun 1909, har aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal domin ɗaukarsa.

A fara da zurfi. Ramin kwal, da zarar ya wuce makwancin ruwan ƙasa, ruwa zai riƙa tsattsafowa cikinsa ta kowane gefe. Ba a haƙa cikin tafki, don haka sai a kafa injuna suna zuƙe ruwan dare da rana. Ruwan da ake zuƙewa ba daga sama ya faɗo ba, shi ne dai wanda ke kwance a ƙarƙashin gonaki da ƙauyukan kewaye, yana gangarowa zuwa inda ya fi zurfi. Kusa da ramin ruwan ƙasa yakan yi ƙasa sosai, in ana yin nisa abin na raguwa. Iya inda zai kai ya danganta da irin ƙasar wurin. In yumɓu ne, ba ya nisa. In yashi ne ko dutse mai tsage-tsage, yana iya kai wa kilomitoci. Rijiyoyin hannu marasa zurfi su ke fara mutuwa. Daga nan fadama ta soma bushewa da wuri, sannan idon ruwan da ke riƙe rafi da rani ya ɗauke, makiyayi ya zo inda ya saba shayar da shanu ya tarar da yashi.

Batun masai ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ya fi daɗewa. Baƙin kwal ɗin da ake gani ba shi ne babban mai laifi ba. A jikinsa, da jikin duwatsun da ke lulluɓe da shi, akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda masana ke kira fayirayit. Shekaru aru-aru yana kwance a ƙasa, iska ba ta kai gare shi, bai cuci kowa ba. Ran da aka tono shi aka jibge a fili, iska da ruwa suka haɗu a kansa, sai ya soma zubar da asid. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba a gani da ido, masu son irin wannan wuri, su kuma sai su ƙara wa abin sauri. Asid ɗin ya bi ta cikin tulin ƙasa yana narkar da abin da ya tarar, ƙarfe da alminiyam da manganis, wani wurin har da gubobi irin su dalma da arsanik. In ya fito fili ya haɗu da ruwan rafi, ƙarfen sai ya kwanta a ƙasa, wata jar laka mai launin tsatsa ta lulluɓe duwatsu da saiwoyin ciyawa. Magabata sun ce ruwa ba ya tsami banza, a nan kuwa maganar ta zauna daram.

Ba kowane kwal ke yin haka daidai da wani ba. Inda ƙasa ke da dutsen farar ƙasa, yakan kashe kaifin asid ɗin tun kafin ya yi nisa. Amma ko an kashe kaifin, gishirin da ya haifar, wanda ake kira salfet, yana nan cikin ruwan yana tafiya. Wannan ne ke sa ruwa ya yi ɗaci-ɗaci, in ya yi yawa ya sa gudawa ga mutum da dabba.

Ido ba abin dogaro ba ne a nan. Duk wanda ya taɓa zama gida mai rijiya kusa da masai ya san ruwa na iya fitowa garau alhali ciwo ne a cikinsa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin su biyun, kuma masai ya kasance ta gangare. Ruwan ramin kwal ma haka yake. Wanda ya fi kowane tsami yakan zama tas, kana hango ƙasansa, don da wuya gansakuka ko talibambam ko ƙwaron ruwa su rayu a ciki. Dole sai da awo. Ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake rubutawa pH, tsakiyarsa 7 ce, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Wanda bai sani ba zai ga tsakanin 7 da 4 ba wata tazara. Alhali kowane mataki ɗaya ninki goma ne, ruwan da ya sauka zuwa 4 ya fi na 7 tsami sau dubu. Ƙa'idar ta kuma ƙayyade ƙarfe a miligiram 0.3 cikin lita ɗaya, salfet a 100, dalma a 0.01.

To yaya ake awon abin da ke ƙarƙashin ƙasa? Ana haƙa wasu ƙananan rijiyoyin burtsatse da ba na sha ba, aikinsu kawai leƙe. Bututu ne siriri, ƙasansa an yi masa ƙananan tsaga an kewaye da tsakuwa don ruwa ya shiga, samansa an toshe gefensa da yumɓu da siminti don kada ruwan sama ya zurara ciki ya rikita lissafi, bakinsa da murfi da kwaɗo. Ruwan ƙasa ma gangara yake yi, yana da inda yake fitowa da inda ya dosa, kuma sai an sami aƙalla rijiyoyi uku da ba a layi ɗaya suke ba kafin a gane alƙiblarsa. Ana sa wasu ta inda ruwan ke zuwa kafin ya iso ramin, su ne shaidar yadda ruwan yake da can. Ana sa wasu ta inda yake wucewa, tsakanin ramin da ƙauye. Wani wurin akan jera biyu gefe da gefe, ɗaya gajera ɗaya doguwa, domin ruwan sama-sama da na can ƙasa ba lalle su zama ɗaya ba.

Mai awo yakan iso da safe. Ya buɗe kwaɗo, ya zura wani tef mai lambobi wanda ke da ƙarfe a bakinsa. Yana sakin tef ɗin a hankali, da ƙarfen ya taɓa ruwa sai na'urar ta yi ƙara. Ya ɗan ɗago, ya sake saki, ya tabbatar, sannan ya danne tef ɗin da babban yatsa daidai wata alama da aka yi a bakin bututun, ya karanta, ya rubuta. Kullum daga alamar nan ake awo, ba a canzawa. Wannan fa igiyar uwargida ce aka yi mata lambobi. Daga nan ba ya ɗibar ruwan farko, domin wanda ya kwana a bututu ba shi ne na cikin ƙasa ba. Sai ya zuƙe ya zubar, kamar cikin bututun sau uku, har sabo ya shigo. Tsami da yawan gishiri da zafin ruwan a nan take ake auna su, don suna canzawa in ruwa ya sha iska. Wanda za a kai ɗakin gwaji neman ƙarfe da dalma, sai an tace shi an ɗiga masa ɗan asid don kada ƙarafan su kwanta a jikin kwalba. A rubuta wuri da rana da lokaci, a jera cikin kula da ƙanƙara. Mai aiki da gaskiya yakan cika kwalba biyu daga rijiya ɗaya ya ba su suna daban, ya kuma saka ɗaya ta tsarkakken ruwa a ciki ba tare da ya faɗa ba. In sakamakon tagwayen ya saɓa, ko aka ce an ga guba a tsarkakken, ya san matsalar daga ɗakin gwajin take.

Na tsaya a kan waɗannan ƙananan abubuwa ne don a nan ake cin amana ba tare da an yi ƙarya ko ɗaya ba. A kafa rijiyar awo ta inda ruwa ba ya bi, shekara goma tana ba da sakamako mai kyau, ga hatimi ga sa hannu, alhali gubar ta bi ta wancan gefen. Ko a bar kwalba ta yini a bayan mota cikin rana.

Ruwan ƙasa ba ya gaggawa. Wani wurin tafiyar da zai yi a shekara ba ta wuce wadda yaro zai yi cikin minti kaɗan ba. Wannan rahama ce, domin rijiyar awo da ke tsakanin rami da ƙauye za ta ga salfet ya soma hawa tun da sauran lokaci, shi ne yakan riga sauran isowa. Amma rahamar ba ta da amfani sai in tun farko an rubuta abin da za a yi. In salfet ya kai kaza, ko ruwa ya sauka da mita kaza, wa za a sanar, cikin kwana nawa, wa zai kawo tankar ruwa, wa zai haƙa sabuwar burtsatse. Awon da ba a ɗaura masa mataki ba, tara takarda ne kawai.

Rariya kuwa, wato ruwan da ke gudu a sarari, halinta daban. Ita da gudu take zuwa. Ana ɗiba a rafi sama da inda ruwan mahaƙa ke shiga, a ɗiba a ƙasa da wurin, a ɗiba a bakin tafkunan da kamfani ke tara ruwa don laka ta kwanta. Ana kuma auna yawan ruwan da ke wucewa, don guba kaɗan cikin ambaliya na iya fin guba mai yawa cikin ɗan tsiyaye nauyi. Babban abin lura a ƙasa irin tamu shi ne ruwan farko. Wata shida ko bakwai na rani tulin ƙasar da aka tono na shan rana, gishiri mai tsami na taruwa a jikinsa fari-fari. Ran da aka yi ruwan shuka, cikin awa biyu zai wanke shi duka zuwa rafi. Mai awon da ke zuwa sau ɗaya a wata uku, ran da hanya ta bushe mota za ta iya shiga, ba zai taɓa ganin wannan ba. Zai rubuta lafiya lau, alhali masunta sun riga sun kwashe matattun kifi. A garin Karolina na lardin Mpumalanga a Afirka ta Kudu, ruwan sama mai ƙarfi da aka yi a watan Janairun 2012 ya kwaso gurɓataccen ruwa daga wuraren kwal ya zuba a madatsar da garin ke sha. Tsamin ya sauka ƙasa da 4, matatar ruwan garin ta kasa, mutane suka yi kusan wata bakwai ruwan famfonsu ba ya shayuwa, har maganar ta kai kotu.

Duk wannan aiki yana tsaye ne a kan tambayar mai unguwa: da can yaya yake? Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi bincike kafin a fara babban aiki irin wannan a Najeriya, kuma bisa al'ada akan ɗibi ruwa a damina da rani. Ni dai a ganina zuwa biyu ya yi kaɗan ga ramin da zai yi shekara talatin. Daminar bana ba ta bara ba ce, kowane manomi ya san haka. Ana buƙatar awon wata-wata na aƙalla shekara biyu, kuma a haɗa da rijiyoyin mutane, kowace da sunan gida da zurfinta, ba na kamfani kaɗai ba.

Wannan lissafi ba talaka kaɗai yake karewa ba. Ba kowane mugun ruwa ne laifin kwal ba. A yankin Kaltungo, cikin jihar Gomben dai, an daɗe da sanin ruwan ƙasa mai yawan sinadarin fuloraid da ke rina haƙoran yara, kuma daga duwatsun wurin yake. Akwai rijiyoyin da tun fil azal ruwansu ke rina farar riga ja, ya mai da shayi baƙi ƙirin saboda ƙarfe. Akwai gurɓatar da masan gari da takin zamani ke jawowa. Kamfanin da ya auna tun kafin ya sa katafila yana da abin nunawa ran da aka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Wanda ya ƙi aunawa kuwa, a raina sai in ce ya fi son a yi ta musu.

Sai maganar da ta fi damuna: a hannun wa littafin yake? Yadda aka saba, kamfani ne ke haƙa rijiyoyin awo, shi ke ɗaukar mai awo, shi ke biyan ɗakin gwaji, sannan ya aika rahoto Abuja, ga ma'aikatar muhalli ko hukumar NESREA da aka kafa a 2007. A Nijar ma akwai ofishin da ke karɓar irin wannan rahoto a Yamai. Matar da ke ɗibar ruwan ita ce ta ƙarshe da za ta ji abin da aka gani, in ma ta ji. A unguwa ba wanda zai yarda mai masai ya zama shi ne duba-gari, ko da kuwa mutumin kirki ne. Malaman fikihu ma sun daɗe da hana mutum haƙa abin da zai cutar da rijiyar maƙwabcinsa, kuma ba su bar hukuncin a hannun mai haƙar ba. An sha jin koken mutanen Maiganga a jaridu kan ruwa da ƙura. Koke irin wannan, in ba lambobi a bayansa, yakan tsaya ne a "mun ce, sun ce".

Gyaran ba mai tsada ba ne. Ran ɗibar ruwa a tafi da wakilan gari, maza da mata. A raba kowace ɗiba biyu, rabi ga kamfani, rabi ga ɗakin gwajin jami'a ko na hukumar ruwa ta jiha. A manna sakamako a ƙofar dagaci da asibitin gari, da harshen da mutane ke ji, kowace lamba a gefenta a sa ta ƙa'ida da ta bara. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara aiki. Yawanci azuzuwa da hanya da tallafin karatu ake nema a ciki, kuma duk suna da kyau, amma ya kamata maganar awon ruwa ta shiga da baƙi da fari. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba ɗan ƙasa damar neman rahoton da ke hannun hukuma.

Gari kuma kada ya jira kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaɓi rijiya huɗu ko biyar, a yi wa kowace alama da fenti a baki. A sami igiyar da ba ta miƙewa, a yi mata ƙulli mita-mita. Kowace Juma'a da asuba, kafin mata su fara ja, a auna a rubuta a littafi, a ajiye shi wurin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Takardar gwajin tsami, wadda ke canza launi in an tsoma ta, ba ta da tsada. A rubuta ranar da rafi ya ɗauke, da ranar da aka ga jar laka, da ranar da shanu suka sunsuna ruwa suka juya. Littafin da aka yi shekara uku ana cikawa ba fashi, injiniya ba zai iya ture shi da hannu ɗaya ba.

Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne, ran da kwal ya ƙare ba ran ne maganar ruwa ke ƙarewa ba. Sau da yawa ran ne take farawa. Da an kashe injuna, ruwan ƙasa zai soma dawowa, ya cika ramuka, ya jiƙa duk fayirayit ɗin da ya yi shekaru yana shan iska, sannan ya nemi ƙofar da ta fi kowace gangare ya fito. A Inugu an daina aiki a ramukan Onyeama da Okpara tun tuni, amma ruwa mai tsami bai daina fitowa ba, na Onyeama yana gangarawa kogin Ekulu da ya ratsa birnin. A Birtaniya an rufe rami mai zurfi na ƙarshe, Kellingley, a watan Disamban 2015, amma har yau hukumar gwamnati na tafiyar da wurare fiye da 70 na tace ruwan tsofaffin ramuka, da kuɗin jama'a. A Najeriya, dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu haƙa za su riƙa zuba kuɗi a ciki. Ya kamata a lissafa kuɗin awon ruwa na shekaru masu yawa bayan rufewa a cikinsa, a karɓa tun kamfani na cin riba, don bayan ya naɗe tabarmarsa ba mai kamo shi.

A Salkadamna ta jihar Tawa an daɗe ana shirin haƙar kwal da gina tashar lantarki. Ƙasa ce ta makiyaya, inda rijiya ɗaya ke riƙe garke da yawa tsawon rani, kuma in ta kafe ba wata a kusa. Masu ja da raƙumi da jaki a waɗannan rijiyoyi sun san tsawon igiyarsu gaba da gaba, sun san watan da ruwa ke sauka da watan da yake dawowa. Abin da ya rage shi ne wani ya bi su rijiya-rijiya da tef da littafi, ya rubuta, hakimi da wakilin kamfani su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.